AN BAR ƊAKI ANA ZAGIN SIFIKA

 

Yau na ajiye maganar jigo da salo da ƙa'idojin rubutu a gefe. Rigimata da yatsun nan biyu ce da muke kama abin murɗa bes da su, mu kai shi ƙarshe, sannan mu gyara zama muna yanke wa muryoyin mutane hukunci. Na san wani zai ce, "To me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan marubuci da sifika?" Da ruwansa kuwa, har da tsaki. Mutane da yawa da ke bibiyar littattafanmu a yau da kunne suke bi. Uwargida tana yanka kuɓewa littafi yana tafiya a YouTube, tela yana kan keke an turo masa babi na goma ta WhatsApp, dattijo yana kishingiɗe a zaure gidan rediyo yana karanta masa labari. Kalmar da ka hana idonka barci kana zaɓe sai ta ratsa ta cikin wata sifika, ta zagaya wani ɗaki, kafin ta isa kunnen wanda ka rubuta dominsa. Idan a kan wannan hanya aka tattake ta, wahalarka ta bi ruwa.

Ƙorafin da nake gani kullum iri ɗaya ne: muryar mai karatun nan ba ta fita, yana cin kalmomi, naɗin na banza ne, sifikar 'yar araha ce. Wani lokacin gaskiya ne. Amma da'awata ita ce, a mafi yawan gidajenmu an bar jaki ne ana dukan taiki. Laifin yana wuri uku: yadda muka murɗa na'urar, ɗakin da muka ajiye ta, da yadda muka jona mata waya. Gyaransu duka bai kai kuɗin datar wata guda ba. Na yi difloma a fannin lantarki, don haka ku ba ni aron kunnuwanku, wanda bai yarda ba kuma ya zo da hujja.

BES BA SHI NE DAƊIN SAUTI BA

Sauti girgizar iska ne. Ana auna shi da adadin girgizar da yake yi a cikin daƙiƙa ɗaya, ma'aunin da ake kira haz. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga haz 20 zuwa 20,000. Na ƙasa-ƙasan su ne masu kauri, irin rugugin hadari ko dukan tambari, su muke kira bes. Na can sama su ne sirara, irin kukan gyare, su ne tirebul. Tushen muryar namiji yana tsakanin haz 85 zuwa 180, na mace kuma tsakanin 165 zuwa 255. Sai dai abin da ke sa ka gane magana yana sama da nan sosai, daga wajen haz 2,000 zuwa 4,000, inda baƙaƙe suke fitowa. Hujja kuwa ita ce tsohuwar wayar tarho ta kan tebur. Daga haz 300 zuwa 3,400 kawai take ɗauka, babu bes a cikinta ko na ɗanɗano, amma kana jin kowace kalma tar, har ka gane mai magana kafin ya faɗi sunansa.

Yanzu dubi harshenmu. Me ya raba sara da tsara da shara? Me ya raba baki da baƙi, ko kafa da ƙafa? Ɗan siririn sauti ne marar ƙarfi, da ke wucewa kafin ƙiftawar ido. Kunnen ɗan Adam kuwa yana da wata ɗabi'a da masana suka daɗe da tabbatarwa: sauti mai kauri yana danne siririn da ke samansa fiye da yadda siriri ke danne mai kauri. Duk wanda ya taɓa tsayawa hira a bakin titi tirela ta wuce ya san haka. Kana ganin bakin abokinka yana motsi, kana jin yana wani abu, amma kalmomin sun ɓace. To duk ranar da ka ƙure bes, tirelar nan ka shigo da ita falonka ka hana ta wucewa. Sannan ka hau zaure ka rubuta cewa mai karatu yana cin kalmomi. Kai ka cinye su, malam.

Haka abin yake a waƙa. Mamman Shata da kalangu, Musa Ɗanƙwairo da kotso, Ɗanmaraya Jos da kuntigi, Barmani Choge da ƙwarya, duk kiɗansu rakiya yake yi wa magana. Kalangu ma da kansa magana yake yi, makaɗi yana matse igiyoyin jikinsa a hammata sautin yana hawa yana sauka kamar karin harshe. Kuntigi kuwa tsirkiya ɗaya ce mai siririyar murya. Wane bes kake nema a cikinta? Idan ka ƙure, abin da za ka ƙara wa ƙarfi shi ne gurnanin tsohon kaset, azancin da ka kunna waƙar dominsa kuma ya nutse. Marubucin da ya ce yana koyon sarrafa harshe daga waɗannan bayin Allah amma yana sauraronsu ta cikin rugugi, yaudarar kansa yake yi.

Abubuwan murɗawar nan biyu, bes da tirebul, suna da tarihi. Wani injiniya ɗan Ingila, Peter Baxandall, shi ya wallafa tsarinsu a 1952, kuma har yau irinsa ne a cikin amfilifayoyi da yawa. Yadda aka gina su, idan suna tsakiya daidai, sautin yana wucewa yadda aka naɗe shi, ba ƙari ba ragi. An yi su ne domin ɗan gyara, kamar gishiri a miya. Mu kuwa mun mai da gishirin shi ne miyar. Masu ikwalaiza, wato jerin maɓallan nan da ake turawa sama da ƙasa, sun fi kowa ɓarna. Sai ka ga an ɗaga na farko da na ƙarshe an danne na tsakiya, wai don jerin ya yi kyan gani kamar murmushi. Tsakiyar nan da aka danne, nan muryar mutum take zaune.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya a kunne ba, har aljihu take shiga. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninkin wuta sau biyu daga amfilifaya, ƙarin desibel 10 kuma sau goma. Abin murɗa bes a na'urori da yawa yana ƙara wajen desibel 10 idan aka kai shi ƙarshe. Wato inda amfilifaya take ba da wat 5 a da, yanzu wat 50 kake nema a wurinta. Idan ba ta da shi sai ta fara yanke kan sautin, ka ji yana karcewa kamar ana yaga leda. Wannan karcewar ce ke dafa kwayil, musamman na ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, wadda masu gyara ke kira tuwita. Bahaushe ya riga ya faɗa, idan ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa.

Zan yi wa masoya bes adalci guda ɗaya. A 1933 wasu masu bincike biyu a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, sun nuna cewa idan aka rage ƙara, kunne yana fara rasa sauti mai kauri kafin sauran. Don haka idan dare ya yi ka rage murya ƙasa-ƙasa, ɗan ƙara bes kaɗan yana da hujja. Kaɗan na ce. Da zarar ka ɗaga murya kuma, hujjar ta faɗi, sai ka mai da shi tsakiya.

ƊAKINKA RABIN SIFIKARKA NE

Wannan ne wurin da na fi so a tsaya a kai, domin shi ne aka fi jahilta. Idan kana zaune a falo, wani ɓangare kawai na abin da kake ji ne ya taho kai tsaye daga sifika. Sauran ya bugi bango, ya bugi tayil, ya bugi silin, sannan ya iso maka a makare ya hau kan kalmar da ke biye. Shi ya sa sifikar da ta burge ka a shago take zama wata aba daban idan ka kai ta gida.

Wanda ya fara mai da wannan ilimi na lissafi shi ne Wallace Sabine, wani matashin malamin kimiyya a Jami'ar Harvard. A 1895 aka ba shi aikin gyara wani ɗakin lacca a gidan tarihi na Fogg, inda kalma ɗaya take yawo sama da daƙiƙa biyar kafin ta mutu, ɗalibai ba sa gane abin da malami ke faɗa. Bai ce a sayo wa malamin wata na'ura ba. Da dare yake zuwa da mataimakansa, suna kwaso matasan kujeru daga wani ɗakin taro na kusa suna jerawa, yana auna tsawon amsa-kuwwar da agogo. Daga nan ya gano ƙa'idar da ake aiki da ita har gobe: yawan girman ɗaki yana tsawaita amsa-kuwwa, yawan kaya masu laushi yana gajarta ta. Da wannan ilimi aka gina babban ɗakin kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900. Matasan kujera, jama'a. Abin da kowannenmu yake da shi a gida.

Yanzu kwatanta ɗakin iyayenmu mata da falon zamani. A can akwai gado da katifa, ga labule mai nauyi, ga darduma, ga tulin zannuwa, ga jere a kabet. Rediyo mai batir biyu sai ta cika ɗakin, kowace kalma tana fita. A falon zamani kuwa ƙasa tayil, bango siminti mai santsi an shafa fenti mai sheƙi, sama silin mai tauri, tebur na gilashi, taga kuma an cire labule an sa makarin roba. Duk abin da ido ke so, kunne ba ya so. Ka gina banɗaki babba ka kira shi falo, sannan kana mamakin me ya sa mai karanta labarai yake magana kamar daga cikin rijiya. Gwajin ba shi da wuya: tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji wani ƙarar ƙarfe-ƙarfe yana bin bayan tafin, bangayenka jifan juna suke yi da sauti.

Akwai matsala ta biyu da ta fi wannan zurfi, kuma ta shafi ɗakin da muka fi ginawa, mai ƙafa 12 a kan 12. Sauti yana gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa. Kowane ɗaki yana da wasu sautuka masu kauri da tsawonsu ya yi daidai da tazarar bangayensa, sai su maƙale suna kai da kawowa suna ƙara wa kansu ƙarfi. Lissafin shi ne ka raba 343 da ninkin tsawon ɗakin. Ƙafa 12 mita 3.66 ce, ninkinta 7.32, amsar ta zama wajen haz 47. Daga nan sai ninke-ninkensa, 94 da 141. Da yake tsawo da faɗi ɗaya ne, matsalar sau biyu take hawa kan kanta. Duba kuma inda 94 da 141 suka faɗo: cikin tushen muryar namiji. Shi ya sa mai karatu namiji yake yin gurnani a ɗakinka, amma ka ɗauki wannan naɗin ka fita tsakar gida ka ji shi garau.

Abin takaicin shi ne wannan sautin da ya maƙale ba ya rabuwa daidai a ɗaki. Na haz 47 ɗin nan a jikin bango yake taruwa, a kusurwa ya fi yawa, a tsakiyar ɗaki kuwa kusan ɓacewa yake yi. Sai mai gida ya zauna a tsakiya ya ce bes ya yi kaɗan, ya tashi ya ƙara. Shi bai ji wani canjin kirki ba, amma matarsa da ke zaune a kujerar jikin bango kanta ya fara sarawa, maƙwabcin da suke haɗa bango kuma kwanukansa sun fara rawa, domin sauti mai kauri ya fi siriri iya ratsa gini. Babu murɗawar da za ta cike wannan ramin. Matsar da kujera ne maganinsa.

Ga mu kuma da al'adar cusa sifika a lungu domin kada ta tare hanya. Duk bangon da ka matsar da ita kusa da shi yana ƙara mata bes, kusurwa kuwa bango biyu ne da ƙasa. Ka cusa ta a lungu, ɗaki ya ƙara, kai ma ka ƙure, an tara mata gishiri sau uku. Ciro ta daga lungu, ka ba ta ko da taki biyu daga bango. Idan guda biyu ne, tazarar da ke tsakaninsu ta zama daidai da tazarar da ke tsakaninka da kowacce, ku zama kamar duwatsun murhu. Ka ɗan karkato su suna kallonka. Tuwita ta zama daidai tsayin kunnenka a zaune, domin siririn sauti miƙe yake tafiya kamar hasken tocila. Wanda ya rataye sifika a kusa da silin, ko ya ajiye ta a ƙasa bayan kujera, gizo-gizo da ƙafafun baƙi yake yi wa karatu. Kujerarka kuma kada ta manne da bangon baya, kada ta zauna a tsakiyar ɗaki cif. Ɗan gaba ko ɗan baya da tsakiya ya fi.

Mai hom tiyata da ke da babbar wufa, ga dabara kyauta. Ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, kunna kiɗa, ka bi gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji bes ya fito sumul ba gurnani, nan ne mazauninta. Kunne ba ya iya gane daga ina sautin da ke ƙasa da haz 80 yake fitowa, don haka ba dole sai tana gaban talabijin ba.

Sai maganar kiret ɗin ƙwai. Wallahi ban san wanda ya fara yaɗa wannan tatsuniya ba, amma ta cika ƙananan situdiyo da ɗakunan samari. Kwali ne siriri marar nauyi. Ba ya hana sauti fita, ba ya shanye mai kauri, abin da ya iya shi ne tara kyankyasai da jiran tartsatsin wuta. Sautin haz 100 tsawonsa ya haura mita 3, ta yaya kwalin da bai kai kaurin ɗan yatsa ba zai tare shi? Abin da ke aiki shi ne mai kauri da laushi: kafet tsakaninka da sifika, labule mai nauyi da aka tattara shi ya yi ninki, kujerun kushin, katifa. Mu marubuta ma Allah ya hutar da mu, domin kantar littattafai cike da littattafai masu tsawo daban-daban tana wargaza amsa-kuwwa. Fito da su daga cikin kwali da buhu ka jera a bango. Idan kana son sanin inda za ka rataya labule ko darduma, zauna a kujerarka wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Inda ka hango sifika a cikin madubin, nan ne sautin yake fara dira.

WAYA BA IGIYAR SHANYA BA CE

Kowace sifika tana da baki biyu, ja da baƙi. Ja na amfilifaya ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, a dukkan sifikun. Idan ka juya ɗaya, lokacin da wannan take tura iska waje waccan tana ja ciki, sai su riƙa kashe wa juna bes, muryar mai magana kuma ta rasa mazauni, kamar tana fitowa daga ko'ina. Mai gida bai san dawan garin ba, sai ya tafi wurin abin murɗawa ya ƙure. Gwajin batir ɗaya ne mai bolt 1.5. Kashe amfilifaya, cire wayar daga jikinta, ka ɗan taɓa bakunan wayar biyu a kan batirin. Idan fatar babbar sifikar ta turo waje, wayar da ke kan ƙululun batirin ita ce ja. Ɗaura mata alama. Taɓawa kawai, kada ka riƙe.

Na biyu shi ne haɗamar jona sifiku da yawa. A bayan kowace sifika an rubuta nauyinta da ma'aunin om, galibi 4 ko 6 ko 8, a bayan amfilifaya kuma an rubuta mafi ƙarancin da za ta iya ɗauka. Idan ka haɗa sifiku biyu masu om 8 a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. Guda huɗu sun koma om 2. Duk yadda lambar ta sauka, haka amfilifaya take ƙara jan wuta tana zafi. Wadda aka yi don om 8 ka ɗora mata 2, ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Za ta yi ta ɗaukewa da kanta, ranar da ta gaji ta yi hayaƙi, a ce ai kayan yanzu ba su da ƙarko. Idan dole sai ka haɗa biyu, akwai haɗin jere, baƙin ta farko ya shiga jan ta biyu, nan 8 da 8 suke zama 16, amfilifaya ta huta ko da ƙarar ta ɗan ragu.

Na uku kaurin waya. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5, idan tazarar mita 10 ce, zuwa da dawowa tana cin wajen om 0.23, wanda ba komai ba ne. Siririya mai 0.5 a wannan tazarar tana cin kusan om 0.7. A kan sifika mai om 4, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na ƙarfin a hanya yake ƙarewa, bes ɗin kuma ya saki jiki. A kula da wayar da ake shafa wa jan ƙarfe a sama cikinta alminiyam ne. Kankare ta da reza, idan ka ga fari ka san abin da ka saya. Amma kada wani ya ruɗe ka da wayar zinare mai tsadar buhun shinkafa. Jan ƙarfe na gaske mai isasshen kauri ya wadatar. Murɗe silallan da kyau, domin sili ɗaya da ya kauce ya taɓa maƙwabcinsa yana iya ƙona amfilifaya. Kada kuma a yi jonin tsakiya a naɗe da ledar burodi.

Gurnanin nan da kake ji ko ba a kunna komai ba, na wutar gida ne, wadda a Najeriya da Nijar take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Ka tuna ɗakinmu mai ƙafa 12 yana kumbura haz 47? Kusan gida ɗaya suke, shi ya sa gurnanin yake cika ɗaki. Raba wayar da ke ɗauko sauti daga salula ko talabijin da wayar wuta, kada ka ɗaure su tare, idan dole su haɗu su gicciye juna. Jona talabijin da amfilifaya a soket ɗaya yakan taimaka.

Kafin na bar nan, lambar nan ta jikin kwali, wat 5,000 ko 10,000 da aka rubuta PMPO a gefenta, ado ce ta talla. Juya bayan na'urar ka ga wutar da take ja. Wadda take jan wat 60 daga soket ba za ta yi ta ba ka wat 5,000 ba, sai dai idan aljanu ne ke cika sauran. Nemi lambar da aka rubuta RMS a gefenta.

"KUNNENA NE, ƊAKINA NE"

Wannan ita ce mafakar ƙarshe ta duk wanda hujja ta ƙare masa. Na yarda ɗanɗano ya bambanta, mai son kiɗan zamani mai dukan ƙirji yana da haƙƙinsa. Amma ɗakin naka ne, iskar da ke ratsa bango kuwa har da ta maƙwabci, da jaririnsa, da tsohuwarsa marar lafiya. Kunnen ma da kake taƙama naka ne, aro aka ba ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da matasa biliyan 1 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraro da ƙara mai yawa. Ma'auninta ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako. Idan ya kai 90, awa 4 ne kacal a mako. Alamar gida ita ce, idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai kamu ɗaya ya ji ka, kun wuce gona da iri. Ƙananan gasun da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma na siririn sauti ne suke fara tafiya, wato masu raba maka sara da tsara. Marubucin da ya daina jin baƙaƙe, da me zai saurari hirar kasuwa da zancen tsofaffi da yake ɗebo kalmomi daga ciki?

Abin da ke sa mutum ya yi ta ƙara murya, sau da yawa, rashin gane magana ne. Bes ya danne kalma, amsa-kuwwa ta shafe ta, sai ya ƙara ƙara yana neman abin da ƙarar ba za ta ba shi ba. Gyara ɗaki da murɗawa, za ka ga da kanka ka rage.

Masu naɗar littattafai da muryarsu, ku ma ban ƙyale ku ba. Kada ka naɗa a falon tayil, shiga ɗakin da ya fi katifa da labule, kashe fanka, makirfo ya zama kamar taki ɗaya daga bakinka. Ka daina zuba amsa-kuwwar nan ta manhaja wai don murya ta yi kwarjini, domin ɗakin mai sauraro zai ƙara tasa a kai. Idan za ka tace naɗin, bes da tirebul na sifikarka su kasance a tsakiya. Wanda ya tace murya a kan sifikar da aka ƙure wa bes, zai yi ta rage kauri har muryar ta fito kamar ta sauro a na'urar kowa.

Ga aikin gida na wannan mako, kuma a bi shi a jere. Kashe na'ura ka duba ja da baƙi. Mai da bes da tirebul da ikwalaiza tsakiya. Ciro sifika daga lungu. Shimfiɗa kafet ko bargo a gabanta, ka saki labule. Kunna muryar mutumin da ka sani sosai, domin kunnenka ya san yadda ya kamata ta fito. Idan har yanzu akwai gurnani, rage bes, kada ka ƙara tirebul, ragewa ta fi ƙarawa lafiya. Sannan ka yi haƙurin kwana uku. Daren farko za ka ji kamar miya ba gishiri, domin kunnenka ya saba da yaji. A rana ta uku ka sake kunna littafin nan da ka ce mai karatunsa yana cin kalmomi.

Wanda ya gwada ya dawo ya faɗa mana abin da ya ji, tare da girman ɗakinsa da abin da ke ƙasansa. Wanda kuma yake ganin ƙure bes shi ne daidai, ƙofa a buɗe take, amma ya zo da lissafi kamar yadda na zo da nawa. Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.